Bindiga Ba Babur Ba Ce, Dan Allah A Daina Ɗura Mata Baƙin Mai

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata. Dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana da yaranmu masu riƙe bindiga da izinin hukuma, musamman irin wadda ke ɗana kanta da kanta bayan kowane harbi, wato mai aiki da hayaƙin albarushi. Na yi shekaru a ma'ajiyar makamai kafin in aje aiki in dawo gida Daura, shi ya sa har yanzu ba a barina in huta.

Kwanan baya wani ɗan maƙwabcina da ke aikin sintiri ya shigo zaurena ransa a ɓace, ya ce Baba bindigar da aka ba ni ta lalace, in na harba ɗaya sai ta riƙe kwanson ta ƙi tofarwa sai na ja da hannu, har abokan aikinshi na ce mai wai hannu aka sa mata. Na ce to kawo mu ga mai hannun. Wallahi Malam Edita da na zare katakon gaba abin da na tarar kamar an kwaɓa kunkunniyar tukunya da kwalta, ga wari irin na garejin bakanike. Na ce me kake sa mata, ya ce baƙin mai, kullum kafin ya fita sai ya tsiyaya mata dan ta yi laushi. To ga mai asirin nan a tsaye gabana.

Ban ga laifinshi sosai ba, mu nan da babur muka saba, kuma fistin na babur in ba mai sai ya ƙone. Ita kau wannan bindiga akwai wasu 'yan ramuka ƙanana, ɗaya ko biyu, a ƙasan bututunta wajen tsakiya, in an harba sai wani ɓangare na hayaƙin ya bi ta nan ya sauko ya bugi fistin da ke zagaye da bututun da ake jera harsasai, fistin ya tura ƙarfen ciki baya ya fidda kwanso, sannan sifirin ya maido shi gaba da sabon harsashi. Hayaƙin nan zafi gare shi ga datti, in ya tarar da mai sai ya soya shi su haɗu su zama ƙullu, ka zo ka ƙara da ƙurar hunturu irin tamu da ko a aljihu sai ta shiga, shi ke nan fistin ya liƙe. Shi ya sa wajen nan a bushe ake barinshi, iyakaci a shafi jikin bututun harsasan da tsumma mai ɗan danshin mai, shafar da in ka taɓa ba za ka gani a yatsanka ba.

Amma kafin komi, kuma nan ne nake ɗaga murya, a sauke harsashi duka. A ja ƙarfen baya a duba ciki da ido, a sa yatsa a taɓa, a duba bututun ƙasa da ake jera harsasai shi ma dan irin wannan bindiga ka cire na sama wani na nan kwance yana jira. Harsasan a kai su wani ɗaki daban, yara kuma a kore su waje. Sau nawa muka ji an ce tana hannunshi yana gogewa ta tashi? Ba ta tashi da kanta, wani ne bai duba ba.

In an tabbatar ba komi sai a murɗe murfin gaba, a zare katako, a zare bututun sama da harsashi ke fita, fistin ya fito. A jiƙa shi a man wanke bindiga, in babu kalanzir na yi, a bar shi ya ɗan jima sannan a cuɗe da tsohon burushin haƙori har ƙarfe ya bayyana, a goge ya bushe ƙayau. Ramukan nan na ƙasan bututu a zura masu siririyar waya mai taushi irin jan ƙarfen cikin wayar lantarki a fidda dattin. Kar a sa ƙusa, kar kuma a kai wa mai walda ya buɗe su wai dan ta ƙara ƙarfi, in ramin ya faɗaɗa hayaƙi zai yi yawa ya dinga maka ƙarfen ciki da ƙarfin da ya wuce ƙima har wani abu ya tsage, kuma rami in ya buɗe ba ya komawa. Wasu irin Remington 1100 ta Amurka, wadda ta fito tun 1963, suna da wani siririn zoben roba a wajen da ke tare hayaƙi kar ya zurare, a cire shi kafin a kawo kalanzir kusa, in ya tsage ko ya bushe a sake sabo, ɗan abin nan da bai kai awarwaro ba shi kaɗai yana iya tsaida bindiga. Beretta ta Italiya da Hatsan ta Turkiyya kowacce da ɗan bambancinta, wanda ke da takardar kamfani ya bi ta.

Cikin bututu kuma daga baya ake shigo da sandar gogewa, burushi tukuna sannan tsumma har ya fito fes, dan robar cikin harsashi tana barin saura a jikin ƙarfe. Mai na wajen da ƙarfe ke gogar ƙarfe ne, ɗigo biyu ko uku a kan hanyar da ƙarfen ciki ke zamewa, ɗigo guda wajen kunama. Man gyaɗa da man ja a bar wa uwargida, daskarewa suke su yi danƙo. In an rasa na bindiga gara na keken ɗinki.

Da damina tsatsa ce abokiyar gaba, ruwa ya taɓa ta ko ma gumin hannu, a goge a ranar, kar a cusa ta cikin jaka a jiƙe. Sannan zanzaro, eh zanzaro, in ka jingine bindiga a lungu sati biyu zai iya gina ɗakinshi na laka a bakin bututu, wasu kuma su toshe bakin da tsumma su manta, ka harba a haka bututu ya kumbura ko ya fashe a hannunka. Duk ranar da za a fita a leƙa ciki a ga haske, bayan an sauke harsashi ba kafin ba. Wani lokacin ma ba datti ba ne, harsashi ne mara ƙarfi ko wanda ya sha sanyi, hayaƙinshi bai isa ya tura fistin ba.

Kar wani ya ce ina zuga mutane su je su sayo. Dokar bindigogi ta 1959 ba ta sa mai ɗana kanta a sahun bindigar farauta da Sufeto Janar ke ba lasisi ba, tana cikin waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, ita kuma adaka ta maharba kwamishinan 'yan sanda ke ba da nata. Roƙona ga masu raba wa yaran nan makamai ne, tunda ana kashe kuɗi a sayo to a haɗa da sandar gogewa da burushi da kwalbar mai, a ware yini guda a zaunar da su a koya masu kwancewa da ɗaurawa, mu tsofaffin hannu muna nan ko sisi ba ma so.

Shi dai yaron nan mun zauna da shi daga la'asar har kusan magariba, tsumma huɗu muka ɓata. Bayan kwana uku ya aiko ƙanenshi da goro ya ce a gaya min ta tofar da biyar a jere, galan ɗin baƙin man kuma ya maida wa mai babur.

Naku,
Wani tsohon ma'aikaci, daga Daura.