Malam, hul'i zan nema ko ƙarar rashin ci da sha zan shigar?

Assalamu alaikum Malam, Allah ya gafarta maku ya ƙara lafiya. Ni mai sauraron shirinku ce daga nan cikin garin Katsina, dan Allah a sakaya sunana.

An ɗaura mana aure a 2017, yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 6 da ɗiya mace mai shekara 3. Yau wata 14 kenan rabon da maigidana ya ajiye mana ko tiyar masara, ya tafi kudu wai neman kuɗi, da ya dawo da babbar Sallah gidan amaryarsa ya sauka, mu sai a bakin mutane muka ji ya shigo gari. Awara nake soyawa a ƙofar gida muke ci, ranar da mai gidan haya ya zo karo na uku kwanonin jerena na kwasa na saida, ina naɗe su a zani ɗiyata na tambayata ina za mu kai su, wallahi na kasa ba ta amsa. Kawuna ya zauna da yayansa sau uku, mai unguwa ya sa baki, mun je Hisbah an yi zaman sulhu ya yi alkawari bai cika ba, maganarsa ɗaya ce, ba zai rubuta takarda ba, in na gaji in biya shi.

Shi ne satin da ya wuce yayana ya raka ni kotun shari'a. Rajistara ya yi mana bayani, za a rubuta sunana da nashi da inda za a kai mashi sammaci da abin da nake nema, in biya kuɗin shigar da ƙara a ba ni rasit a sa mana rana. To wajen abin da nake nema ɗin nan na tsaya. Wata dattijuwa da muke benci ɗaya ta ce ɗiyata ki ce hul'i kawai ya fi sauri, ki maida sadaki ki huta. Yaya kuma ya ce a'a, kan mi za ki biya mutumin da ya bar ki da yunwa, ƙarar rashin ci da sha da cutarwa za a shigar, alƙali ya ɗibar mashi lokaci in bai gyara ba a raba ba ki biya ko sisi ba, sai dai ana son shaidu, maƙwabtan da suka san komi kuma da sun ji kotu sai kowa ya ja baya. Haka muka dawo ban rubuta komi ba.

Malam sadakina dubu 50 ne, in na matsa zan iya haɗawa, amma ya aiko cewa har lefe da abin da ya kashe a biki sai an lissafa. A islamiyya an karantar da mu matar Sabit bn Ƙais gonar da ya ba ta kawai Annabi (SAW) ya ce ta maida, to shi maigidana yana da ikon ƙarawa? In kuma na fara da hul'i, haƙƙin wata 14 ɗin nan da abincin yara ya faɗi kenan ko zan iya nema daban? Gaskiya raina bai son in biya, ni aka zalunta, amma ina tsoron shari'ar da za ta yi ta ja ana ɗagewa saboda bai zama wuri ɗaya, ban ma san wane adireshi zan bayar na sammaci ba, gidan amarya ko gidan iyayensa.

Ba mu da takardar aure, a masallaci aka ɗaura, amma waliyyina na raye, ya isa? Abin da ya fi hana ni barci shi ne yara, ya ce ranar da na taka kotu zai kwashe su, ni kuma na ji a Malikiyya uwa ce ke riƙo, to in sa maganar riƙonsu a takardar farko ko sai an gama? Kuma in zauna ɗakina har a yanke ko in koma gida, kar a ce yaji na yi?

Litinin yaya ya ce mu koma, dan Allah Malam a taimaka a amsa mani kafin nan.

Taku, wata baiwar Allah daga Katsina.