Wasiƙar Godiya ga Ofishin Hayar Gidajen Hutu na Tsibirin Hatteras

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikata,
Ofishin ba da hayar gidajen hutu da ke garin Avon,
Tsibirin Hatteras, Karolina ta Arewa, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya.

Na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin iyalina da iyalan ƙannena, domin in miƙa muku godiyarmu a bainar jama'a game da yadda kuka riƙe mu tun daga ranar da muka fara neman gida har zuwa ranar da muka mayar da makulli. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, kuma 'yan'uwa da dama mazauna Amurka suna tambayata yadda ake samun gidan hutu a bakin teku ba tare da an yi da-na-sani ba, shi ya sa na ga ya dace su ma su karanta. Gidan da kuka ba mu yana da kyau, amma abin da ya fi cancantar yabo shi ne kun gaya mana gaskiya kafin ku karɓi ko sisinmu, har a wuraren da gaskiyar ta rage muku riba.

Wanda bai san tsibiran Outer Banks ba, waɗanda Hatteras yake cikinsu, zai ɗauka zaɓen gida a can daidai yake da zaɓen ɗaki a otal, alhali ba haka abin yake ba. Tsibiran wani dogon jerin rairayi ne mai tsawon kimanin kilomita 300, wanda ya shiga tsakanin Tekun Atlantika da babban yankin ƙasa ya zama masa garkuwa, kuma a wasu wurare sirantarsa ta kai mutum ya tsaya a kan titi ya hango teku ta gabas, ya waiwaya ya hango ruwan Pamlico, wanda ya raba tsibirin da babban yankin ƙasa, ta yamma. Titi ɗaya ne tak, mai lamba 12, ya ratsa tsibirin Hatteras daga arewa zuwa kudu. Rairayin kuwa ba ya zama wuri guda, domin teku tana cin gaɓa shekara bayan shekara. Wannan ne ya sa a 1999 aka ɗauki hasumiyar fitilar Cape Hatteras sukutum, ginin bulo na 1870 mai tsawon kusan mita 60, aka ja ta baya kusan mita 900 don kada ruwa ya cinye ta. Tun daga 2020 kuma an sha ganin gidaje a ƙauyen Rodanthe suna ruftawa cikin teku. A irin wannan wuri, hoton da aka ɗauka shekaru biyu da suka wuce yana iya nuna fili mai faɗi tsakanin gida da ruwa, filin da yanzu babu shi.

Tun cikin hunturu muka fara nema, saboda manyan gidaje na watannin Yuni zuwa Agusta suna ƙarewa da wuri, wasu ma tun shekara guda kafin lokacin ake kama su. Gidan da ya fara ɗaukar hankalinmu a jerinku yana bakin teku daf da ruwa, kuma shi ne mafi tsada cikin waɗanda muka ware. Da na kira ofishinku da niyyar in biya kafin alƙalami, baiwar Allahn da ta ɗauki waya ba ta yi gaggawar buɗe takardar ciniki ba. Sai ta shiga tambayata su wane ne za su zo, shekarun ƙaramin yaro nawa, ko akwai dattijo a cikinmu, ko akwai wanda hawa bene yake yi wa wuya. Na gaya mata cewa mahaifiyarmu ta zo mana ziyara daga Kano, tana fama da ciwon gwiwa, kuma dominta ne aka shirya tafiyar gaba ɗaya. Nan take ta ce ba ta ba ni shawarar wannan gida ba.

Ta bayyana mini cewa gidajen tsibirin a kan dogayen ginshiƙan katako ake gina su domin ruwan ambaliya ya wuce ta ƙarƙashi, kuma an saba sa ɗakin girki da falo a bene na can sama saboda a riƙa hango teku, ɗakunan kwana kuma a ƙasa da su. Ma'ana, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta hau matakala masu yawa duk lokacin da za ta ci abinci tare da jikokinta, ko kuma ta wuni ita kaɗai a ɗaki. Ta ƙara da cewa hanyar katako da ta tsallaka jigawar rairayi daga wannan gida zuwa bakin ruwa ita ma matakala ce hawa da sauka. Daga nan ta kawo mini wani gida mai lifta a layi na biyu daga bakin teku, wanda kuɗinsa bai kai na farkon ba, ta kuma aika ma'aikaci ya je ya ɗauko sabon hoton ƙofar liftar da ma'auni a shimfiɗe a bakinta, domin in tabbatar keken guragu zai shiga idan buƙatarsa ta taso. Ban roƙi wannan ba, ita ce ta ga dacewarsa. Halinta ya tuna mini da dillalin kirki a kasuwar shanu, wanda yake buɗe bakin saniya ya nuna maka shekarunta kafin ka taya.

Ta kuma tsaya ta bambance mini matsayin gidaje, abin da hotuna ba sa nunawa. Akwai na bakin teku, akwai na layi na biyu, akwai waɗanda suke ɓangaren teku amma sai an ɗan taka, sa'an nan akwai na ɓangaren ruwan Pamlico, inda ruwa ba shi da zurfi kuma haya ta fi sauƙi, sai dai sauro ya fi yawa, kuma duk mai son zuwa teku daga can dole ya tsallaka babban titi da yara da kujeru da laima. Ga mai ƙananan yara wannan tsallakawa ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da motoci suka cika titi. Ta kuma gargaɗe ni game da garuruwan da ke arewa da garin Corolla, can ƙarshen arewacin tsibiran, inda kwalta ta ƙare kuma dawakan daji suke yawo, cewa sai da mota mai jan ƙafa huɗu ake isa gidajen wurin ta kan rairayi. Yarana sun so can ƙwarai saboda dawakan, amma wuri ne da bai dace da mai tafiya da tsohuwa ba.

A batun kuɗi ma ba ku ɓoye kome ba. Takardar da kuka aiko ta nuna kuɗin hayar mako, da harajin jiha da na ƙaramar hukuma wanda jimillarsa ta haura kashi 12 cikin ɗari, da kuɗin shara, da kuɗin zannuwan gado da tawul, kowanne a layinsa, kuma abin da na gani a ranar farko shi na biya a ƙarshe. An bayyana mini cewa rabi ake biya lokacin sa hannu, ragowar kuma kimanin wata guda kafin zuwa, sa'an nan dokar hayar gidajen hutu da majalisar jihar ta zartar a 1999 ta wajabta a ajiye kuɗin ɗan haya a asusun amana. Da na tambaya ko za mu iya ƙara wasu baƙi su kwana a falo, an ce mini a'a cikin ladabi, domin yawan mutanen da aka yarda su kwana a gida ya dogara ne da girman ramin bahayar da hukuma ta amince da shi, ba da yawan katifu ba. Na ji daɗin wannan amsa, domin ofishin da ya ƙi karya doka don ya faranta mini rai, shi ne wanda ba zai karya ta don ya cuce ni ba. Ina jawo hankalin 'yan'uwa a nan cewa akwai 'yan damfara da suke kwafar hotunan gidaje na gaskiya su tallata su a intanet da farashi mai rahusa, su nemi a tura musu kuɗi kai tsaye, don haka mu'amala da ofishi mai lasisi da adireshi sananne ita ce ta fi kwanciyar hankali.

Inda na fi jinjina muku shi ne maganar mahaukaciyar guguwa. Lokacinta a Tekun Atlantika yana farawa ran 1 ga Yuni ya ƙare ran 30 ga Nuwamba, wato ya haɗe da dukkan hutun bazara, kuma ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Mai neman ciniki kawai zai so ya wuce wannan magana da sauri, amma ma'aikaciyarku ta zauna a kanta. Ta tuna mini cewa a 2003 guguwar Isabel ta yanke tsibirin tsakanin Frisco da ƙauyen Hatteras, a 2019 guguwar Dorian ta cika tsibirin Ocracoke da ke maƙwabtaka da ruwa, kuma a 2017, ba tare da wata guguwa ba, yankewar babbar wayar lantarki ta sa aka kwashe baƙi daga Hatteras da Ocracoke ana tsakiyar hutu. Ta ce idan hukuma ta ba da umarnin ficewa, dole ne ɗan haya ya fita. Dokar jihar ta ba shi damar a mayar masa da kuɗin dararen da ya rasa, sai dai idan an yi masa tayin inshorar tafiya tun farko, domin a wannan hali, ko ya saya ko ya ƙi, mai gida ba shi da alhakin mayar masa da kome. Wannan sharaɗi yana cikin takarda, amma mutane da yawa suna sa hannu ba su lura da shi ba.

Na gaya mata cewa a cikinmu Musulmi akwai masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini, kuma ina bukatar lokaci in yi shawara da ƙannena da wani malami. Ba ta nuna mamaki ba, ba ta kuma matsa mini ba. Ta rubuto mini a fili abin da zai biyo baya idan na karɓa da abin da zai biyo baya idan na ƙi, ta kuma riƙe mana gidan har muka gama shawara. Kowane iyali da hukuncin da zai yanke a kan wannan, amma ya kamata ya yanke shi yana sane da abin da ya ɗauka wa kansa, kuma ku kun ba mu wannan sani cikakke.

Hayar tsibirin mako-mako ce, yawanci daga Asabar zuwa Asabar ko Lahadi zuwa Lahadi, don haka dubban motoci suke haɗuwa rana ɗaya a gadar Wright Memorial da ake bi a shiga tsibiran daga arewa. Shawararku ta mu taso kafin asuba ta cece mu daga cunkoson, muka wuce garin Nags Head, muka haye gadar Marc Basnight da aka buɗe a 2019, muka bi sabuwar gadar Rodanthe ta 2022 wadda ta kauce wa wurin da teku ta saba rufe titi. Kun kuma sanar da mu tun da wuri cewa asibiti yana Nags Head, tafiyar kimanin awa guda daga Avon, abin da ya sa muka tanadi magungunan Hajiya har da ƙari.

Mun zo da namanmu na halal daga gida cikin akwatunan ƙanƙara, kuma mun tarar an kankare murhun gashi tas an sa masa sabuwar raga kamar yadda muka roƙa. A daren farko firiza ta daina sanyi. Na kira lambar gaggawa ina shakkar samun kowa, sai ga wani ma'aikacinku ya iso da jakunkunan ƙanƙara a kafaɗa, ya cire takalmansa a bakin ƙofa da ya ga namu a jere, ya durƙusa a bayan firizar da tocila a baki har ya gano abin da ya lalace. Ko tsoka ɗaya ba mu yi asara ba. Wurin ninƙaya na gidan kuma yana da shingen katako mai tsawo, wanda ma'aikaciyarku ta tabbatar mini da shi tun a waya, don haka matanmu da 'yan matanmu suka shiga ruwa hankalinsu kwance.

Ranar da aka kafa jajayen tutoci a bakin teku, alamar hatsarin shiga ruwa, saƙonku ya riga mu isa can. Kun bayyana hatsarin igiyar ruwa mai jan mutum zuwa ciki, wadda ba a yin kokawa da ita sai dai a yi iyo a gicciye, a bi tsawon gaɓa har a fita daga bakinta, kuka kuma nuna mana wani wuri tsakanin Avon da Buxton a ɓangaren Pamlico inda ruwa bai wuce gwiwar babba ba. A can ne Hajiya ta zauna a kujera ƙafafunta cikin ruwa, ta kira ni ta ce, “Kai, wannan yarinya da ta zaɓa mana gida, ka tabbata ka yi mata godiya, Allah Ya yi mata albarka.” Na ce, “To Hajiya, in Allah Ya yarda zan isar.” Wannan wasiƙa tana cikin cika wancan alkawari.

Ina roƙon shugaban ofis ya isar da godiyarmu ta musamman ga masu shara da wanki, waɗanda ba mu haɗu da su ba. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da baƙi suke fita da ƙarfe 4 na yamma da wasu suke shiga, su ne suke gyara manyan gidaje masu hawa uku cikin zafin bazara, kuma mun ga aikinsu a kowane lungu na gidan. Haka nan a gaishe mana da ma'aikacin da ya gyara firiza, da ma'aikaciyar da ta ɗauki wayata tun farko, wadda na sakaya sunanta saboda ban nemi izininta ba. Mun riga mun sanar da ofishinku cewa a riƙe mana wannan gida a makon da ya yi daidai da na bana a shekara mai zuwa, idan Allah Ya kai mu da rai da lafiya.

Naku cikin girmamawa da godiya,
Wani magidanci, a madadin iyalansa,
Jihar Maryland, Amurka.