Babana, maganar tambayar da ka yi min da azumi

Assalamu alaikum Babana. Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya Ankara. Mu nan Aboabo a Kumasi lafiya lau alhamdulillahi, sai dai ƙafar mamanka da take ɗan matsa mata da asuba, amma da sauƙi.

Na so in yi maka saƙon murya a WhatsApp, sai na ga in na fara da baki ba zan iya faɗin abin yadda yake a raina ba, shi yasa na zauna bayan isha'i nake rubutawa, kayi haƙuri da tsawonsa ka karanta har ƙarshe.

Tun ranar da ka koma makaranta abin nan yake cina. Muna zaune a tsakar gida bayan shan ruwa ka ce min, Baba, da a gidan su abokin ɗakina aka haife ni ai da yanzu coci nake zuwa, to shi ya Allah zai yi da shi? Da ladabi ka faɗa, kanka a ƙasa, ban manta ba. Ni kuma na zabura kamar an watsa min ruwan zafi, nace boko ya fara ɓata ka, nace kar in sake jin wannan magana a gidana, har da cewa ko jami'ar Legon ɗin ma zaka bari. Ka yi shiru, ka tattara kwanuka ka shige ɗaki. Da sahur ko ido bamu haɗa ba. Ban kyauta ba, ka yafe min.

A daren na gaya wa kaina wai kishin addini ne ya tashe ni. Da na kwana biyu ina juya abin sai na ga ƙarya nake wa kaina. Gaskiyar magana bansan amsar ba. Ga ƙannenka zaune suna kallon bakina, ga mamanka tana ji, ni ne nake jan ku sallah in ba a je masallaci ba, ni ne kowa yake tambaya in alwala ta karye ko bata karye ba, sai gashi yaron da na haifa ya jefo min tambayar da ban taɓa zama na yi tunaninta ba cikin shekara sittin da ɗoriya. Hausawa suka ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to wallahi tabarmata nake naɗewa a lokacin, kai ne ka sha haukar. Sannan a ƙarƙashin kunyar akwai tsoro, wanda shi yafi kunyar nauyi. Da ka buɗe baki, tambayar ma ban ji ta sosai ba, abin da zuciyata ta nuna min shine ranar da zan mutu a rasa wanda zai tsaya ya yi min addu'a, a ce ɗan fari ya bi wata hanya. Daga tambaya ɗaya har na kai can. Haka zuciyar uba take gudu.

Ka sani mu ba a rene mu da "me yasa" ba. A makarantar da na yi, allo ne a cinya da bulala a gefen malam, ka biya abin da aka biya maka ka wanke a rubuta maka na gaba. Yaron da ya ce malam don me aka ce kaza, sunansa mara kunya, kuma kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ba zagin malamanmu nake ba, Allah ya jiƙansu, su suka riƙe mana Alƙur'ani a garin da mu baƙi ne, babu albashi babu komai sai kuɗin Laraba. Amma abin da muka fito da shi shine mun iya karantawa, mun iya aikatawa, bamu iya bayani ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana yin abu da zuciya ɗaya, ka zo ka ce ya faɗa maka dalili, ji yake kamar kana cewa shekara hamsin ɗin nan a banza ya yi su.

Akwai kuma abin da ku yaran yanzu baku gani ba. Kakanka, wanda ka ci sunansa, a nan Kumasi aka haife shi, babansa ne ya zo ta hanyar Salaga da fataucin goro. A watan Nuwamba 1969 gwamnati ta fito da doka cewa duk baƙon da bashi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Ina ɗan yaro lokacin amma ina tuna lorori cike da kaya da mata da yara, maƙwabtanmu da muke cin tuwo kwano ɗaya suka tafi, wasu ƙasar da aka ce tasu ce ko sau ɗaya basu taɓa taka ta ba. Mu Allah ya yi mun zauna. Amma daga ranar har ya koma ga Allah, in wani ya tambayi kakanka "daga ina kuke?" sai fuskarsa ta canza, ko da mai tambayar zance kawai yake nema. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kuma a wurin mutanen zango, tambayar asali da tambayar addini a kwando ɗaya suke zuwa. Shi yasa ma iyayenmu da yawa suka ƙi kai mu boko, don makarantun a hannun mishan suke, suna tsoron yaro ya tafi da sunan Musulunci ya dawo da wani suna. Da nace maka boko ya ɓata ka, bakin kakanka ne ya yi magana a bakina, tsoron da na gada ne ban taɓa zama na duba ko har yanzu yana da amfani ba.

Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne a Ghana, Kirista sun haura 70. Wanda yake cikin marasa yawa kullum shi ake tambaya. Me yasa kuke auren mata huɗu, me yasa matanku suke rufe kai, me yasa ba kwa cin kaza, kuma tun abin da ya faru a Amurka a 2001 da fitinar Boko Haram a Najeriya sai aka ƙara da wata, me yasa 'yan uwanku suke kashe mutane. A shagona a kasuwar Kejetia na sha irin wannan ba adadi. Wani da gaske sani yake so, wani kuma ya riga ya yanke hukunci tun daga gida, tambayar sanda ce kawai ya naɗe ta da tsumma. In aka buge ka da irin wannan sau goma, na sha ɗayan ko da hannu biyu ya zo da girmamawa kafin ya gama magana ka riga ka ɗaure fuska.

Kar ka ɗauka mu kaɗai ne. Ka je ka tsayar da Kiristan nan mai wa'azi a cikin trotro, motar haya, ka ce ya yi maka bayanin uku cikin ɗaya, ko ka tambayi wata baiwar Allah ina kuɗin da take ba fasto duk wata yake zuwa, zaka ga irin fuskar da na yi maka. Tonawa ma, wato mutanen Asante, da muke zaune a ƙasarsu, a 1900 gwamnan Turawa Hodgson ya zo nan Kumasi ya tara sarakuna yana tambaya ina kujerar zinare take, me yasa ba a kawo masa ya zauna a kai ba. Shi a ganinsa kujerar mulki ce kamar kowace, su kuma a wurinsu ran al'ummarsu gaba ɗaya ne a ciki, ko sarkinsu baya zama a kanta. Daga wannan magana Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ja yaƙi. Kullum in na wuce Manhyia, fadar sarkinsu, sai na tuna, mutum yana iya taka abin da ya fi ƙarfinsa bai ma san ya taka ba.

Na cikin gida kuma ya fi ciwo. Kawunka da kake cewa ba a iya magana da shi, ka san me ya gani? A shekarun 1990 rigimar 'yan Tijjaniyya da Ahlussunna ta kai inda wa da ƙani suka daina gaisawa, aka raba masallatai, aka fasa aure, wani wuri har jini ya zuba, akan wazifa da maulidi da kama hannu ko sakin hannu a sallah. A lokacin in mutum ya ce maka "mene ne hujjarka?" ba hujja yake nema ba, so yake ya kira ka ɗan bidi'a a gaban jama'a, ko kai ka kira shi mai ƙin waliyyai. To kai ka zo da zuciya fara ka ce Kawu mene ne dalilin kaza, kalmar dalilin nan kaɗai ta isa ta mayar da shi shekara talatin baya. Shehinsa ne ya yi masa huɗubar suna, ya ɗaura masa aure, ya yi wa mahaifiyarsu sallah, duk wannan yake ji kana taɓawa.

Duk wannan bayani ne nake maka, ban ce ya wanke ni ba. Don addinin da nace ina yi wa kishi bai hana tambaya ba. Annabi Ibrahim, badaɗin Allah guda, ya ce Ubangiji nuna min yadda kake rayar da matattu, aka ce baka yi imani bane, ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu. Yana nan a Baƙara aya ta 260, na karanta ta sau nawa a tahajjud ban taɓa tunanin da ni da kai take magana ba. Ba a kore shi ba, nuna masa aka yi. Sahabbai sun je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce muna jin wasu abubuwa a zuciya da muke ganin girman mu furta su, ya ce wannan shine tsantsar imani, hadisin yana cikin Muslim. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa, an ruwaito an yi masa tambaya 48, a 32 ya ce ban sani ba. Malik kenan a Madina. Ni mai sayar da yadi a Kejetia na kasa furta kalma uku a gaban ɗana.

Bayan ka tafi na je wurin wani malami da nake yarda da shi, na kai masa tambayarka kamar yadda ka yi ta, kuma na gaya masa yadda na yi maka. Bai razana ba ko kaɗan, cewa ya yi ai malamai sun daɗe da tattauna wannan, ya buɗe min Suratul Isra'i aya ta 15 inda Allah ya ce ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo, ya yi min bayanin mutanen da kira bai isa gare su ba ko ya isa a gurɓace, ya ce akwai saɓanin malamai a kan yadda za a yi da su, kuma Allah ba ya zaluntar kowa daidai da ƙwayar zarra, sannan ba aikinmu bane mu nuna wani mutum da yatsa mu ce ga makomarsa. Ban riƙe duka ba, shi yasa nake so mu koma tare ka ji da kunnenka ka yi masa duk tambayar da ta biyo baya. Abin da na lura da shi kawai, shi da ya sani ko muryarsa bata tashi ba.

Yanzu ga abin da yasa ban bari sai ka dawo ba. Ƙanwarka ta ce min kai da abokin ɗakin naka kun kusa sati biyu bakwa magana, wai ya tambaye ka maganar mata huɗu da ko mamanka zata yarda a yi mata kishiya, ka tashi ka zazzage shi ka ce ya raina addininka. Da na ji sai jikina ya mutu, don na san a inda ka koya. Yaron nan shine kake ce min yana rage ƙarar waƙarsa in zaka yi sallah, shine ya ajiye maka abinci ranar da lacca ta riƙe ka har aka sha ruwa. Wanda ya yi maka haka ba da sanda ya zo ba. Ko da tambayar ta yi maka zafi don ya ambaci mamanka, sai ka ce masa wannan ɓangaren bana so, amma ga abin da na sani akan sauran, inda baka sani ba ka ce ban sani ba zan tambayo. Kuma kar ka rama da zagin nasa, Allah da kansa ya hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, ka duba An'am 108. In ka haɗu da wanda ka tabbata tsokana ce ta kawo shi, ba dole sai ka amsa ba, ka ce Allah ya ba mu alheri ka wuce, amma ka bari ya gama maganarsa tukun kafin ka yanke cewa tsokana ce.

Ka tuna 2019 da Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King can Ankara ranar Ista ya zauna cikinsu? Wasu cikinmu sun yi ta surutu, ni ma a lokacin raina bai so ba, na faɗa a majalisa. Yanzu nake ganin abin daban. Tsohon nan ya shiga da rawaninsa ya fita da rawaninsa, babu abin da ya ragu a jikinsa, don ba ya tsoron wani zai ƙwace masa abin da yake zuciyarsa. Irin wannan natsuwar nake roƙa maka, ni ban same ta da wuri ba.

Tambaya kuwa kar ka daina, matambayi baya ɓata. Sai dai in babba zaka tambaya, kamar Kawunka, kar ka yi a gaban yara ko a majalisa inda zai ji an tsayar da shi, ka same shi shi kaɗai bayan la'asar, ka kai masa goro, ka ce Kawu karatu na zo ɗauka. Zaka sha mamakin abin da ya sani. Ni kuma ka tambaye ni duk lokacin da ka ga dama, ko a gaban ƙannenka ne, in ka ga fuskata ta fara canzawa ka ɗan bani minti biyu.

Na tura maka sidi 300 ta momo, kuɗin waya, ka duba in ya shiga. Ka sayi waakye, shinkafa da waken nan, leda biyu gobe da safe ka kai ɗaki ku ci da yaron nan, kai zaka fara yi masa magana. Mamanka tana gaishe ka, ta ce ka faɗa mata ranar da zaku gama jarabawa don ta san ko zaka riski babbar sallah a gida. Malamin yana zama ranar Asabar da Lahadi bayan azahar, na riga na ce masa zamu zo mu biyu.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka