Zuma tana ceton feret, amma yawan ba ta zaƙi yana ƙara mata ciwo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wata cuta da ke damun feret, ƙaramar dabbar nan mai dogon jiki da gajerun ƙafafu da ake kiwo a ɗaki kamar kyanwa. Wanda bai taɓa ganinta ba zai ɗauka tunku ce, alhali danginta su ne bodari da dage. Sunan cutar insulinoma, kuma na san ta ne ta hanya mai ɗaci, domin ta kama wadda nake kiwo tana da shekara biyar.

Insulinoma ƙari ne da ke fitowa a fankiriyas, wato sashen da ke kusa da ciki da hanji wanda yake samar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne kwashe sukari daga jini zuwa sassan jiki, kuma a lafiyayyar dabba yana raguwa da zarar sukarin ya sauka. Ƙarin nan kuwa ba ya jin birki, sai ya yi ta zubo insulin ko da jinin ya kusa ƙarewa da sukari, ƙwaƙwalwa kuma ita ce ta fara jin jiki. Ke nan kishiyar ciwon sukari ne da muka saba ji. Yawanci yana bayyana bayan dabbar ta wuce shekara uku, an kuma fi samun rahotonsa a Amurka fiye da Turai.

Tawa ta fara ne da tsayawa cak a tsakiyar wasa, ta ƙura wa bango ido kamar mai tunani, bayan ɗan lokaci ta ci gaba da harkarta. Na ɗauka tsufa ne. Daga baya sai ƙafafunta na baya suka riƙa zamewa, miyau yana dalala, tana ta sosa baki da farce saboda tashin zuciya. Wata asuba na same ta kwance a gefen kwanonta, jiki sake, ido buɗe amma ba ta ganina. Na lakato zuma da ɗan auduga na goga mata a dasashi, cikin 'yan mintuna ta ɗago kai.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami. Ganin zuma ta tashe ta, sai na mai da ita magani, ina lasa mata safe da yamma, har da zabibi don tana sonsa. Faɗuwar sai ta ƙaru maimakon ta ragu. Likitan dabbobi ne ya warware mini abin: duk lokacin da zaƙi ya shiga jini da sauri, ƙarin yana mayar da martani da ambaliyar insulin, sukarin ya yi sama na ɗan lokaci sannan ya faɗo ƙasa fiye da inda ya baro. Saboda haka zuma ta ranar gaggawa ce kawai, a shafa kaɗan a dasashi, kada a ɗura wa dabbar da ke jijjiga ko ta suma don gudun shaƙewa, kuma a yi hattara da yatsa domin tana iya datse shi ba da saninta ba. Da zarar ta farfaɗo har tana iya haɗiya, a bi ta da abinci mai nama, sannan a nufi asibiti ko da ta koma wasa.

Ana tabbatar da cutar ta gwajin jini bayan an hana dabbar abinci na awa uku zuwa huɗu, a gaban likita, domin yunwar kanta tana iya kayar da ita. Sukarin jinin lafiyayyar feret yakan kasance tsakanin miligiram 90 da 125 a kowace desilita ta jini, abin da ya gaza 70 kuwa abin zargi ne, musamman in akwai alamomin da na ambata. Na'urar gwajin sukari ta mutane takan nuna adadi ƙasa da na gaskiya a jinin feret, don haka kada a yanke hukunci da ita kaɗai.

Maganin da aka fi farawa da shi prednisolone ne, wanda yake sa hanta ta ƙara fitar da sukari, in ya fara gazawa sai a haɗa da diazoxide, mai rage fitar insulin. Ana kuma yin tiyata a cire ƙarin ko wani yanki na fankiriyas, sai dai yawanci akwai wasu ƙananan da ido ba ya gani, don haka tiyatar jinkiri take sayowa, cutar takan dawo. Ina ganin ya kamata likitoci su riƙa faɗin wannan ƙarara tun ranar farko, domin mai dabba ya san jinya ce ta tsawon rai ya shirya mata.

Abin da ya fi sauya rayuwar tawa shi ne tsarin ci. Feret maciyar nama ce zalla, hanjinta gajere ne, abinci yana ratsa shi cikin kimanin awa huɗu, don haka dogon dare ba ci haɗari ne gare ta. Na daina busasshen abincin da aka cika da hatsi da sitaci, na koma mai yawan furotin da kitse, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kwano kuma ba ya zama wayam. Ina ba ta abinci kafin wasa da bayan ta tashi daga barci, maganinta kuma ba na sauya masa lokaci ko in dakatar da shi don na ga ta murmure. Kwalbar zumar tana nan a kusa da kejinta, amma wata huɗu ke nan ban buɗe ta ba.

Naka,
Wani mai karatu