Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Abba Kabir Yusuf: Ina daftarin dokar iyali ya maƙale?

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya ƙara lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Ba zan ja ka da nisa ba. A kan daftarin dokar iyali ta Musulunci nake magana, kuma ka fi ni sanin tarihinsa. A 2017, wajen taron cika shekara 50 da rasuwar Ambasada Isa Wali, Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa ana shirya dokar da za ta tsara aure da saki da ciyarwa da riƙon 'ya'ya. Gari ya ɗauka, aka kama gefe ɗaya, wai za a hana talaka ƙara aure, aka yi ta ce-ce-ku-ce a rediyo. Duk da haka malaman fiƙihu da masana shari'a suka zauna suka yi aikin. Da aka sauke Sarki a Maris na 2020 sai zancen ya bi ruwa. Kai da hannunka ka mayar da shi karaga a Mayun 2024, muka zaci takardun ma za su biyo shi. Shiru kake ji.

Jami'a kuwa ba ta yi shiru ba. A Disamban 2024, a wani taro na ƙasa kan cin zarafin mata da aka yi a Jami'ar Bayero, Sarki ya kawo abin da bincikensa na digirin digirgir ya gano a kotunan shari'ar Musulunci tara na Kano: ƙarar rashin ciyarwa da ta duka sun cika rajistar alƙalai. Jami'ar tana da cibiya sukutum ta nazarin al'amuran mata da maza, ga Gidan Mambayya a Gwammaja inda ake ta muhawara kan mulki da talaka. Masana sun faɗa, sun maimaita. Abin da muka saba gani daga ɓangaren gwamnati, tun kafin zuwanka, shi ne a turo wakili ya karanta jawabin fatan alheri, a ɗauki hoto, ya shige mota kafin a gabatar da takarda ta farko. Madalla da wannan ƙoƙari.

A Oktoban 2023 gwamnatinka ta aurar da mata 1,800 ta hannun Hisbah, da kuɗi sama da naira miliyan 800. Ban raina ba, wallahi, akwai iyayen da aka share wa hawaye. To amma aure nawa ne a ciki yake raye yau? Wa aka ɗora wa bibiya? Da za a ba ɗaliban nazarin zamantakewa kuɗin mota da na takarda, da sun bi gida-gida sun kawo maka amsa. Ɗaura aure dubu alhali ba rubutacciyar dokar iyali da za ta tilasta wa wanda ya yi saki ciyar da 'ya'yansa, ɗiban ruwa ne da kwando.

Kada a ce mana abin ba zai yiwu ba. A 2024 ka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, sama ba ta faɗo ba. Maroko, 'yan Malikiyya irinmu, sun gyara tasu dokar iyalin tun 2004.

Ranka ya daɗe, don girman Allah ka dubi inda matar da aka kora da 'ya'ya uku take ƙarewa. Ta ɗora wa babbar talla, ƙananan su shiga gari, ita kuma ta faɗa hannun dillalin da zai kai ta aikatau Saudiyya, ko a bi da ita ta Agadas zuwa Libiya. Masu nazarin ƙaura a jami'a sun daɗe da sanin wannan hanyar. Su ma dai suna da nasu laifin, don mafi yawan abin da suke rubutawa da Turanci ne, matar da ake magana a kanta ba za ta taɓa ji ba. Wannan zancen wata rana ne.

Ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, ka tura ɗalibai ƙaro karatu waje. In sun dawo su ma a kabad za a jibge bincikensu?

Roƙona bai da yawa. A fito da daftarin nan, a buga shi da Hausa, da boko da ajami, a aika wa Majalisar Dokoki. A yi zaman jin ra'ayin jama'a a fili, a gayyato malaman Ɗariƙa da na Izala, da alƙalan da suke ganin shari'un nan kullum, da masanan jami'a, da matan da abin ya ci. Sashen da ya saɓa wa shari'a a cire shi da hujja, a gaban kowa. Muna son jin ranar da za a fara zaman.

Wassalam.

Wata malamar makaranta, daga cikin birnin Kano