Sanarwa ga sababbin ɗalibanmu a Ingila

Assalamu alaikum ƴan uwa. Sannunku da hanya, waɗanda suka sauka a wannan zangon.

Tunda aka daina aiki da katin BRP, wato katin shaidar izinin zama a Birtaniya, izinin zamanku yana cikin asusun UKVI (hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya) ne a intanet, wato eVisa. Ku shiga ku duba yau, ku tabbata lambar fasfonku ita ce a ciki. Nan ne kuma ake ciro lambar da mai gidan haya ko mai ɗaukar aiki zai nema don tabbatar da izinin zamanku, kwana 90 kacal take yi. Rajistar likitan GP, wato likitan unguwa da ake fara gani in ba lafiya, ita ma a waya ake yawan yinta, kada ku jira sai sanyi ya kwantar da ku.

Amma maganar biza, ko fashin darasi, ku taka da ƙafa zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku. Su ke da alhakin kai rahoto ga hukuma, kuma abin da ya yi wa wani a rukunin nan ba lallai ya yi maka ba. Aiki kuwa, awa 20 ne a mako lokacin karatu, ba ƙari.

Asabar bayan Azahar za mu zauna a masallaci. Na nesa su shigo ta Zoom.