Hatimi a aljihu, cek a mota: abin da ke kashe ƙungiyoyinmu a Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da ƴan'uwanmu masu riƙe da ƙungiyoyi masu zaman kansu a jihar Damagaram, daga cikin birni har Mirya, Magarya, Tanut da Gure.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, masu ba da tallafi da dama sun janye hannu. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin agajin ƙasashen waje, ayyukan hukumarta ta agaji, USAID, suka tsaya. Tun daga nan, duk ƙungiyar da ta durƙushe sai a ce rashin kuɗi ne. Rashin kuɗin gaskiya ne, amma abin da ya yi shi ne tone ciwon da ke rufe: ƙungiya ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Hatimi yana aljihun babbar rigar shugaba, littafin cek yana cikin motarsa, ma'aji ƙanin matarsa ne, an shekara huɗu ba a kira babban taro ba. Ranar da ya kama hanyar Yamai, tafiyar kilomita kusan 900, ma'aikaciyar da za ta ƙauyukan Tanut sai ta zauna jiran kuɗin mai har ya dawo.

Maganin wannan yana nan gida. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, na ƙungiyoyin mata masu ajiya da ba da rance a tsakaninsu, a jihar Maraɗi, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Ku dubi akwatin irin waɗannan ƙungiyoyin mata. Kwaɗo uku ne, makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a tsakiyar tabarma, gaban kowa. A ƙirga kuɗi da babbar murya, a faɗi adadi, mako mai zuwa a tambayi taro nawa aka bari kafin a saka makulli. Wadda ta makara ta biya tara, ko da ita ce shugaba. Yawancinsu ba su yi lakwal ba, amma sun gane cewa amana tana ɗorewa ne idan ba a bar mutum shi kaɗai da kuɗi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A biro ma haka ya kamata. Mai ba da izinin kashe kuɗi daban, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma kada biyu daga cikinsu su fito gida ɗaya. A banki a ajiye sa hannun mutum uku, kuɗi ba ya fita sai da biyu. Inda wannan tsari ke mutuwa shi ne ranar da shugaba zai yi tafiya, ya sa hannu a cek biyar babu adadi "don kada aiki ya tsaya". Daga ranar, sa hannu biyu ya koma ɗaya. Kuɗin hannu na biro kada su wuce jika 100. Sayayyar da ta haura jika 500 a nemi farashi a rubuce daga ƴan kasuwa uku waɗanda ba dangin kowa ba. A ƙirga akwati ƙarshen kowane wata, wani lokaci kuma a ƙirga ba sanarwa, wanda ya ƙirga da mai riƙewa su sa hannu tare. Wanda ya karɓi kuɗin tafiya ya kawo rasit cikin kwana 7 da dawowarsa, ba a ba shi wani sai ya wanke na farko.

Doka ma tana wajen nan. Ban da doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984 da ta tsara ƙungiyoyi a Nijar, ƙasashen OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar ke ciki, sun amince, a Yamai ranar 22 ga Disamba 2022, da tsarin lissafi na musamman ga ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, ya fara aiki 1 ga Janairu 2024. Yana neman lissafin ƙarshen shekara da rajistar masu ba da gudummawa, kuma ya sassauta wa ƙanana da lissafi mai sauƙi na shiga da fita. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai dai takarda ba ta gina hali. Sabon ma'aikaci ba ya koyon aiki daga kalaman da aka liƙa a bango. Yana kallon abin da babba ke yi ne. Idan ya ga an kai motar ƙungiya ɗaurin aure ranar Asabar ba a rubuta a littafin mota ba, ran Litinin shi ma zai ƙara kilomita a na babur ɗinsa. Idan ya ga an horas da mutum 18 amma takardar halarta ta nuna 30, an raba perdiyam ɗin sauran, wato kuɗin guzurin halarta, ya gama karatun ƙungiyar a yini ɗaya. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Shi ya sa jadawalin perdiyam ya kamata ya zama ɗaya, a liƙa shi inda kowa ke gani, shugaba kuma ya zama na farko mai cika littafin mota: rana, inda aka je, kilomita a tashi da dawowa, lita nawa aka zuba. In kuɗi ya yi ƙaranci, a fara biyan mai gadi da direba da ma'aikatan ƙauye, darakta ya zo ƙarshe. Kowa yana lura da wannan ko bai faɗa ba.

Akwai wani abu namu da ya kamata shugaba ya yi hattara da shi, wato kunya. Tarbiyyarmu ce, abin alfahari ce, amma a taron aiki tana ɓoye ɓarna. Yarinyar da ta kwana uku a ƙauyen Magarya ta san an haƙa rijiya inda mata ba sa zuwa, amma ba za ta musa wa sa'an babanta a gaban mutane ba. Idan Alhaji ya fara magana, taro ya ƙare, saura "haka ne, ranka ya daɗe". Don haka a juya tsarin: a taron mako, masu aikin ƙauye su fara, ƙarami kafin babba, shugaba ya yi shiru sai ƙarshe. Awa ɗaya ta isa. A rubuta abu uku kawai, me aka yanke, wa zai yi, yaushe, kuma da wannan takardar za a buɗe taro na gaba. Wanda ya kawo labarin kuskure da wuri a gode masa a fili, domin in aka kunyata shi sau ɗaya, ba za a sake jin komai ba sai mai bincike ya zo. A kuma buɗe ƙofar koke wadda ba ta bi ta ofishin shugaba ba: mutum biyu daga kwamitin amintattu, ɗaya mace, musamman saboda mata ma'aikata da wani babba ke matsa wa.

Ɗaukar aiki a sanar da shi a rediyo, a rubuta sharuɗɗa kafin a ga sunaye, mutum uku su tantance, wanda ɗan'uwansa ke nema ya fita daga ɗakin. Wanda aka ɗauka a ba shi kwantaragi, a yi masa rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa.

Mafi wuya shi ne sauka daga kujera. Wanda ya kafa ƙungiya da guminsa ya cancanci girmamawa, kuma tsoron a manta da shi ne ke sa ya riƙe. A rubuta wa'adi a dokar ƙungiya, shekara 3, sau biyu, a raba kujerar shugaban kwamiti da ta darakta mai albashi, a tanadar wa mai sauka matsayin mai ba da shawara. Ba a fafe gora ranar tafiya: shekara guda kafin zaɓe, mataimaki ya riƙa jagorantar taro, ya san masu tallafi ido da ido. Ranar miƙa aiki a bi takarda: takardar izinin hukuma, hatimi, sauya sa hannu a banki, kalmomin sirrin imel da kwamfuta, jerin kaya da basussuka.

Babban taron da zai yi wannan zaɓe kada ya jira furoje ya biya shi. Mambobi 60, kowa jika ɗaya a wata, jika 720 ke nan a shekara. Ya isa hayar ƙaramin biro da taron shekara, kuma wanda ya zuba kuɗinsa shi ne ke ɗaga hannu ya tambayi inda suka shiga.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu ma'aikatan ƙungiyoyi masu zaman kansu, Damagaram.